Kawuna Mai Ɗinke Littattafai da Zaren Taru

Kwana uku na yi zaune a ɗakin matar kawuna a Argungu ina karɓar gaisuwa, kuma in faɗi gaskiya, rabin hawayen da na zubar na takaici ne. Mata na shigowa rukuni-rukuni, su durƙusa, su yi mana ya haƙuri, sannan kowace ta ɗora abin da ta sani game da mamacin. Wata ta ce mutum ne mai kawaici. Wata ta ce ba a taɓa jin muryarsa ta tsallake danga ba. Wata tsohuwa daga unguwar masunta ta ce tun yana saurayi babu mai gyaran taru kamarsa a bakin gulbi, inda ya ɗinke ba ya sake yagewa, sai dai tarun ya ɓalle ta wani gefen. Duk na yarda da su. Sai wata maƙwabciya ta gyara zama ta ce, "Allah sarki. Shekara da shekaru shina sharar ohis Birnin Kebbi, ko tsinke bai taɓa ɗaukowa ba. Allah shi jiƙai nai."

Aka amsa da amin, aka wuce wata maganar. Ni kuwa ban bari ta wuce ba. Na ce, "Ba shara kaɗai yay yi ba. Kawu littattahai yaka ɗunki laburare. Shi yak koya min karatu."

Wata gwaggo ta dafa gwiwata ta ce, "Yi haƙuri, ɗiyata, zahin rashi na." Wato sun ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Kowa ya san Kawu allo ya yi, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, ta ina zai koya wa malamar makaranta karatu?

Da la'asar na tare babban ɗansa a tsakar gida. Taubashina ne, tun muna yara ba mu raga wa juna. Na tambaye shi abin da maza ke faɗi a ƙofar gida.

Ya ce, "Mi kika so su ce? Mutumen kirki na, ya riƙe salla, ya riƙe zumunci."

"Babu wanda yay yi maganar laburare?"

"An yi mana. An ce tsintsiya da tsumma, su na aikin Baba can. Ke da kiy yi boko, sai ki rubuta mai takardar digiri mu kahe bisa kabari."

Da a wata ranar ce da na rama. Ranar nan juyawa na yi na koma ɗaki, don in na buɗe baki abin da zai fito bai dace da gidan makoki ba. Shi ya sa nake rubuta wannan. Mutumin nan ya shiga ƙasa da sunan mai shara, alhali ni na san abin da hannunsa ya yi, kuma in ban faɗa ba babu mai faɗa.

Yayan mahaifiyata ne. Ya bar kamun kifi ne bayan wani ciwon ƙirji da ya hana shi shiga ruwa, wani ɗan uwa ya nema masa aikin lebura a Birnin Kebbi, aka tura shi ɗakin karatu na jama'a. Ɗaki ne dogo mai kantoci na katako da tebura huɗu, da fanka guda da ke juyawa in ta ga dama. Manya na zuwa karatun jarida, masu shirin jarrabawa na zuwa kwafar abin da ba su da shi a gida. Ni an kawo ni wurinsa ina 'yar aji uku, don gidansa ya fi kusa da makaranta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da zai yi mini faɗa ne.

In an tashi daga makaranta sai in bi ta laburare mu koma gida tare. Doka ta farko, wanke hannu. Akwai buta da ɗan sabulu a bakin ƙofa, shi ya ajiye su, babu wanda ya sa shi. Ba ni kaɗai yake sa wa ba. Na taɓa ganin ya tare wani babban ma'aikaci mai kwat, ya ce masa, "Ranka shi daɗe, albasa kac ci. Ga ruwa." Mutumin ya hasala ya kai ƙara wurin Malam, dattijon da ke riƙe da laburaren a lokacin. Malam ya saurare shi tsaf, sannan ya ce shi ma da ke shugabancin wurin sai ya wanke yake shiga.

Littattafan daga Sakkwato ake aiko su a cikin akwatuna, kamar yadda a wancan zamanin komai namu sai an jira Sakkwato. In sun zo sau ɗaya, sai a daɗe ba a ga wasu ba. Waɗanda ke nan kuwa suna shan wahala. Mai lashe yatsa ya buɗe, mai naɗe kusurwa, mai sa littafi a aljihun riga ya hau keke. Ga gara, ga yoyon kwano da damina. Littafi kan kwance ya zama ganye-ganye, a tattara a jefa a wani kwali a bayan kanta, shi ke nan an gama da shi.

Kawu ya kasa jure ganin kwalin nan. Ya ce da Malam taru ma in ya yage ba a yar da shi. Ya zo da basilla da zaren taru daga Argungu, ya jiƙa ƙaro a gwangwani, ya roƙi ƙyallayen atamfa wurin wani tela Bayarabe da ke bakin kasuwa. In ya gama shara sai ya shimfiɗa buhu a barandar baya, ya danne ganyen littafi tsakanin katakai biyu, ya huda, ya ɗinke da irin ƙullin da masunta ke yi. Ya manna kwali, ya lulluɓe da atamfa, ya ɗora dutse a kai har gobe. Cikin shekara biyu kantocin nan suka cika da littattafai masu zanen kifi da tsuntsaye da fulawa a bango. Masu aro suka daina kiran sunan littafi, sai ka ji an ce a ba ni mai jan zanen nan.

Matsalarsa ɗaya ce, jerin shafi. Ya koyi lambobin boko, in lamba na nan ba ya neman kowa. Amma gara kamar da gayya take yi, daga kusurwa take fara ci, inda lambar take. Nan ne aikina ya shigo. Sai ya zube mini ganye talatin ko arba'in a kan buhu ya ce, "Uwata, nemo min wanda ab biye da wanga."

Da farko ƙarshen layi nake dubawa in haɗa da farkon wani. Sai ya zamana shafi uku duk suna iya shiga. Dole in karanta shafin duka, in karanta wancan, in tambayi kaina: mutumin nan da ke kuka a nan, an riga an gaya masa labarin mutuwar ne ko tukuna? Matar nan da ke cikin jirgi, yaushe ta bar gida? In na miƙa masa, ba ya karɓa haka kawai.

"Don mi wanga, ba wancan ba?"

"Haka nig gani, Kawu."

"Gani ba hujja ba ta. Hwaɗa min mi yaf faru."

Sai in mayar masa da labarin da Hausa, yana jan zare yana saurare. Sau da yawa shi ke kama ni. Ya ce, "A'a. Mutum ba ya gode ma wanda bai ba shi komi ba tukuna. Akwai ganye tsakani, duba ƙasan ƙahwarki." In duba kuwa in same shi. Mutumin da bai iya karanta kalma ɗaya a shafin ba, ya fi ni sanin abin da ya kamata ya zo gaba. Ban taɓa samun malamin da ya matsa mini irin haka ba, har na gama kwaleji. Duk ɗan labarin da na rubuta aka karanta a rediyo ko aka buga a jarida, a barandar nan na koyi yadda ake ɗora abu a kan abu.

Yana da ƙorafi a kan masu buga littafin boko, kuma ba ya gajiya da maimaita shi. Ya ce littattafan malamansa na zaure ba a ɗinke suke ba, warwatse suke a cikin gafaka, amma ba sa ɓata, don marubucin kan sa kalmar farko ta shafi na gaba a gindin kowane shafi. Ko iska ta watsa su, yaro ma zai jera. "Su waɗanga sun aza lamba wurin da gara ka farawa. Ilimi gare su, dabara babu." Saboda haka ya sa ni, duk littafin da muka jera, in bi shi da fensir ina rubuta kalmar gaba a gindin shafi. Na tsani aikin nan. Yatsuna har kanta suka yi. Na yi kuka, na yi ƙaryar ciwon ciki, na kai ƙara wurin matarsa, wadda nake kira Inna. Ta ce ba ruwanta da shari'ar uwa da ɗanta.

Ba na so in mai da shi waliyyi, don yana da taurin kai mai ban haushi. In ya ce littafi bai bushe ba, ko gobe kake jarrabawa ba zai ɗaga dutsen ba. Ya taɓa rufe ni a waje yini guda don na karanta littafi ina cin ƙosai. Amma shi ne kuma ya je ya tsaya gaban Malam, hula a hannu, ya roƙa a buɗe mini katin aro alhali shekaruna ba su kai ba. Da Malam ya ce doka ta hana, sai ya ce to a rubuta katin da sunansa. Haka aka yi. Shekara huɗu mai shara ne ya fi kowa aron littafi a wurin, Malam na buga hatimi yana dariya.

Sai na ci jarrabawa na tafi makarantar kwana ta 'yan mata. Malam ya yi ritaya. Aka turo wani sabo daga Sakkwato, matashi mai takardu, mai son a ga tsari. Ni ma na dawo hutu na biyu da nawa sabon kan, ina jin Turanci a bakina kamar sabon takalmi, ina ganin kowa a gida bai waye ba.

Wata rana na shiga laburaren na tarar da sabon jami'in tsaye a tsakiyar ɗaki da littattafai uku masu bangon atamfa a hannu, mutane na kallo. Abin da ya faru shi ne, da ba na nan, Kawu ya ci gaba da ɗinki shi kaɗai. Waɗanda lambarsu ke nan ya jera su daidai, ɗaya na bin ɗaya. Amma dā ni ke miƙa masa tarin ta fuskar da zai huda. Da babu ni, hannunsa ya koma inda ya saba tun yana yaro, ya jera su ta dama kamar littafin Larabci, farko ya koma ƙarshe. Uku ne kawai, cikin ɗaruruwan da ya ceta. Gyaransu bai fi a warware zare a sake ba.

Jami'in ya tambaya da Turanci wane ne ke wannan ɓarna. Kawu na tsaye da tsumma a kafaɗa, bai san me ake cewa ba, sai murmushi yake yi don ya ga littattafansa a hannun babba. Jami'in ya ga rigar makaranta a jikina, ya juyo gare ni. Ina iya cewa kuskure ne na rana ɗaya. Ina iya jan shi zuwa kanta in nuna masa sauran. Amma akwai 'yan makarantar maza biyu a teburin gaba suna danne dariya, kunya ta rufe ni, na so a san ni ba irinsa ba ce. Na amsa da Turancina mai kyau. Sannan, don neman suna, na maimaita da Hausa yadda kowa zai ji, na ce, "Shi na. Bai iya karatu ba, ɗunki kawai yaka yi."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, a hankali ya tafi. Jami'in ya kafa doka a wurin: lebura aikinsa shara da goge ƙura, kada ya sake taɓa cikin littafi. Duk wanda ya lalace a ware shi, a rubuta, a jira izini daga Sakkwato. Kawu ya ce to, ranka shi daɗe. Ya je baranda ya naɗe buhunsa, ya zubar da ruwan ƙaron a gindin dalbejiya.

A hanyar gida ina jira ya yi mini faɗa, don in samu abin da zan kare kaina da shi. Bai yi ba. Sai da muka kusa ƙofa ya ce, "Uwata, Turancinki ya yi kyau." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na yi ta cewa sai na girma, sai na fara aiki, sai littafina na farko ya fito in kai masa in durƙusa. Ya yi sauran shekarunsa yana shara, ya yi ritaya, ya koma Argungu yana ɗan noman albasa a fadama. Ina zuwa gaishe shi da goro da sabulu, mu yi hirar ruwa da farashin shinkafa, in tashi in tafi.

Bayan addu'ar uku na shiga mota na koma Birnin Kebbi da niyya ɗaya. Zan samo littafi ko guda mai ɗinkinsa, in kawo gidan makokin kafin a watse, in ajiye a gaban taubashina da matan nan su taɓa da hannunsu. Na tarar da wata ma'aikaciya da ban sani ba. Na yi mata bayani, ta ce ba ta taɓa ganin littafi mai bangon atamfa ba. Na bi kantocin ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, babu. Ta ce in duba sito. Mai makulli ya tafi cin abinci, na jira shi awa biyu a kan benci. Da aka buɗe, abin da na gani tudun ƙasa ne na gara ya kai gwiwa, da guntayen kwali. An ware su ana jiran izini, izinin bai zo ba, gara ba ta jira kowa ba. Na tona da hannuna har na samu wani abu mai kama da ƙyalle, ina ɗagawa ya marmashe.

Na fito ina faɗa, ban ma san da wa nake yi ba. Na ce an kashe aikin mutum, an bar dukiyar jama'a ta zama ƙasa, ana zaune ana shan iska. Ma'aikaciyar ta bar ni na gama, ta ce, "Hajiya, ni bara aka kawo ni." Gaskiyarta. Na ba ta haƙuri na kama hanyar tasha hannu wofi.

Washegari da hantsi na samu Inna ita kaɗai a ɗaki, baƙi sun ragu. Na zauna na zazzage mata duka. Na ce mutanen garin nan ba su san darajar mutum ba. Na ce 'ya'yansa ma ba su san ubansu ba. Na ce ta yaya mutum zai yi shekaru yana irin wannan aiki, a ce ko a gidansa babu mai labarin, sai shara, sai shara? Na ce, "Ke ma, Inna, kina ji suna hwaɗi, ba ki ce komi ba."

Ta ajiye carbinta ta ɗago.

"Dauri, can da hwarko, kowa ya sani," in ji ta. "In munka zo ganin gida, har bakin gulbi shika zama shina ba su labari, shi da uwatai sun ɗunke kaza, sun ɗunke kaza. Har sun gaji da ji."

"To mi yas sa sunka mance?"

"Ba mantuwa ba ta. Shi yah hana. Randa kunka dawo tare ɗin nan, yac ce min daga yau kada wanda ya ƙara cewa shi mai gyaran littahi na, ko cikin gida ko waje. In an tambaya a ce shara yaka yi. Yaran ga suna ƙanana, da abin da sunka ji sunka tashi."

Na ce, "Don jami'in ga?"

"Wane jami'i? Shi bai kula da wanga ba, yac ce baƙo na, bai san komi ba." Ta dube ni, babu fushi a idonta, abin da ya fi ƙona ni ke nan. "Cewa yay yi, yarinyag ga ta yi karatu, ta san abin da taka hwaɗi. Tunda tac ce ban iya ba, to ban iya ba. Kada in riƙa ba ta kunya cikin mutane."

Kwana huɗu ina jin haushin mata, da taubashi, da gara, da Sakkwato. Ashe matan nan maganata suke maimaita mini, wadda na faɗa da bakina ina 'yar shekara goma sha huɗu, shi kuma ya ɗauke ta ya riƙe har kabari don ya rufa mini asiri.

Na tambayi Inna ko ya taɓa cewa ya yafe. Ta ce bai taɓa cewa an yi masa laifi ba, balle a kai ga yafiya.

To ni na san an yi. Ya Allah, Kai ka ga barandar nan, ka ga abin da ya ɗinka da wanda ya hana a faɗa. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa, ka karɓi aikinsa da cikakken sunansa. Ku kuma da kuka karanta wannan, in kun tashi yi masa addu'a, ku ce Allah ya jiƙan malamina. Ni ce na ce bai iya ba, kuma ƙarya na yi.